Rana ta wadata, amma wa zai biya kuɗin wutar dare?

Jama'a, an wuce zamanin da ake gardama kan ko wutar sola za ta iya riƙe ƙasa. Daga 2010 zuwa 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. A 2024 kaɗai China ta kafa farantan sola masu ƙarfin sama da gigawat 270 (gigawat ma'aunin ƙarfin wuta ne, ɗaya daidai yake da megawat 1,000), kuma ita ce ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan da duniya ke amfani da su. Jamus, wadda rana ke yi wa rowa a lokacin hunturu, tun shekarar 2000 ta yi dokar da ta tabbatar wa mai faranti a rufin gidansa cewa za a sayi wutarsa a tsayayyen farashi har shekara 20. Ni ina murna da wannan, murna ta gaske. Abin da ke hana ni sakin jiki shi ne mutumin da ake barin sa a baya.

Ku duba Pakistan. A 2024 ƙasar ta shigo da farantan sola da suka kai wajen gigawat 17, kuma akasarinsu ba gwamnati ce ta saya ba. Mutane ne da kansu: masu masaƙu, masu shaguna, manoman da suka gaji da sayen man dizal don injin ban ruwa, da magidantan da kuɗin wuta ya fi ƙarfinsu bayan an yi ta ƙara shi. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, kowa ya samu rana sai ya yi shanya.

Sai dai akwai tsohon bashi a ƙasa. Gwamnatocin baya sun ƙulla yarjejeniya da kamfanoni masu zaman kansu da suka gina tashoshin wuta, cewa za a biya su ko an ja wutarsu ko ba a ja ba. Haka kuma turaku da wayoyi da taransifoma duk suna cin kuɗin gyara kullum. To idan mai hali ya ɗora faranti ya rage jan wutar ƙasa, wa zai ɗauki wannan kaya? Ɗan haya ne da ba shi da rufin kansa, da talakan da ba zai iya tara kuɗin faranti da batir a lokaci guda ba. Kuɗin wutarsa ya ƙaru, sai wasu masu ɗan hali su ma su gudu, sai a sake ƙara wa waɗanda suka rage. Wallahi wannan abin yana ci mini rai, domin fasahar da ya kamata ta fara kai wa marar ƙarfi sauƙi ita ce ke ƙara masa nauyi idan aka bar ta ba tsari.

Sannan ga batun magariba. Lokacin da rana ke faɗuwa shi ne lokacin da mutane ke komawa gida su kunna komai. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta daɗe tana fama da wannan: da tsakar rana wuta ta yi yawa, da yamma kuma a tayar da tashoshin gas cikin gaggawa. Maganin da suka kama shi ne manyan batura, waɗanda ƙarfinsu ya haura megawat 10,000 a 2024, suna ajiye wutar rana su sake ta da dare. A Chile kuwa matsalar hanya ce. Hamadar Atacama da ke arewa na cikin wuraren da rana ta fi ƙarfi a duniya, amma ana asarar wuta mai yawa saboda layukan da za su kai ta birane irin su Santiago ba su isa ba.

Wasu gwamnatoci idan suka ga kuɗin shiga na raguwa sai su juya kan masu sola da haraji. Pakistan ma ta ɗora haraji kan farantan da ake shigowa da su a 2025. A ganina wannan ba zai hana mai kuɗi saye ba, talakan da ke tara taro da sisi ne kawai zai fasa. Matakin da ya fi kama hankalina shi ne wanda ƙasar ta ɗauka a 2024, na soke yarjejeniya da kamfanonin wuta guda 5, domin can ne tushen ciwon yake.

Abin da nake so in gani shi ne hukumomin wuta su daina kallon mai faranti a matsayin abokin gaba. A zuba kuɗi a batura da layukan dakon wuta. A sauƙaƙa farashi da rana, lokacin da wuta ta yi yawa, don masana'antu da manoma su mayar da aikinsu can. A ba masu ƙaramin ƙarfi rance mai sauƙi, a kuma kafa farantan haɗin gwiwa a unguwanni domin 'yan haya su samu rabonsu. Asibitoci da makarantun karkara kuwa, su ya kamata a fara da su tun kafin gidajen manya.