Ba dusar ƙanƙara kaɗai ta kashe su ba

Duk mai yawon buɗe ido da ya hau hanyar Vršič a ƙasar Slovenia yakan dawo da labarin lanƙwasa hamsin da ke cikinta, da wata 'yar majami'ar katako da ke gefen dutse. Kaɗan ne ke tambayar wa ya fasa duwatsun.

Fursunonin yaƙi ne 'yan Rasha, waɗanda daular Ostiriya-Hungari ta kama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da Italiya ta shelanta yaƙi a kan daular Ostiriya-Hungari a watan Mayun 1915, sojojin daular suka bukaci hanyar kai makamai da abinci fagen daga na kogin Soča. Aka kwaso fursunoni wajen dubu 10, aka ba su diga da shebur, aka ce su ratsa tsauni mai tsayin mita 1,611. A watan Maris na 1916 dusar ƙanƙara ta zaftaro kan sansaninsu, ta binne fiye da mutum 100, har da wasu masu gadinsu. Waɗanda suka tsira su suka gina majami'ar.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin, sai ka ce annoba ce ta faɗo daga sama. To, wa ya tsugunar da su a gindin tsauni cikin hunturu, ga yunwa, ga tufafi marasa kauri? Yarjejeniyar Hague ta 1907, wadda daular ta sa wa hannu, ta yarda a sa fursuna aiki, amma ta ce kada aikin ya wuce kima, kada kuma ya shafi harkar yaƙi. Hanyar da igwa za ta bi zuwa bakin daga, in ba harkar yaƙi ba ce, mece ce?

Wani zai ce ai kowane ɓangare haka ya yi, kuma yau hanyar tana amfanar jama'a. Gaskiya ne. Sai dai amfanin da jikoki ke ci ba ya wanke hannun wanda ya ba da umarni.

A 2006 aka raɗa mata suna Hanyar Rashawa. A 2016 Vladimir Putin ya je bikin cikar majami'ar shekara 100, aka ajiye furanni, aka yi jawaban zumunci. Su kuwa mutanen, akasarinsu manoma da aka ɗebo daga ƙauyuka, da yawansu ko suna babu a kan kabarinsu.