Ku Jira Juna

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Duk ranar da za a ci Jibin Ubangiji, fasto yakan buɗe 1 Korantiyawa sura 11 ya fara daga aya ta 23: yadda Ubangiji Yesu, a daren da aka bashe shi, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura. Da yawanmu mun haddace wurin. Amma ayoyin da ke gabansa, daga 17 zuwa 22, ba kasafai ake karanta mana su ba, alhali saboda su ne Manzo Bulus ya kawo maganar gurasa da ƙoƙo. Cikin faɗa ya rubuta wannan wuri. Ya ce wa masu bi na birnin Koranti, taruwarku ba ta ƙara ku da komai, sai ma ɓarna. Ku ji nauyin maganar: a ce wa ikilisiya gara ba ta taru ba da irin taron da take yi.

Koranti birni ne na fatauci a ƙasar Girka, yana da tashoshin jiragen ruwa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, sai Yuliyas Kaisar ya sa aka sake gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, aka zuba mutane a ciki, da yawansu 'yantattun bayi. Gari ne da kowa ke neman ya yi kuɗi ya yi suna. Bulus ya zauna can shekara ɗaya da wata shida, wajen shekara ta 50 zuwa 52, yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu, yana wa'azi. Ikilisiyar da ta kafu ta haɗa kowa. Akwai Kirisbus shugaban majami'a, akwai Arastas ma'ajin gari, akwai Gayus wanda gidansa ke ɗaukar ikilisiya duka. Amma Bulus da kansa ya tuna musu a sura ta 1 aya ta 26 cewa masu iko da 'ya'yan manya kaɗan ne a cikinsu. Yawancinsu talakawa ne, 'yan ƙwadago da bayi.

A lokacin babu ginin coci, a gidajen mutane ake taruwa. Jibin Ubangiji kuma cikin cin abinci na sosai ake yinsa. Lahadi ba ranar hutu ba ce, sai a shekara ta 321 Kustantin, sarkin Roma, ya mai da ita haka. To, wa zai iso da wuri? Wanda lokacinsa ke hannunsa. Bawa sai ubangidansa ya sallame shi, lebura sai ya gama sauke kaya a tasha. Ɗakin cin abinci na gidan attajirin Romawa mutum 9 yake ɗauka a kishingiɗe, masana da yawa kuma suna ganin maigida da abokansa ne ke shigewa ciki, saura su tsaya a tsakar gida. A al'adar Romawa ba abin kunya ba ne a ba babban baƙo abinci mai kyau, a ba ƙarami na baya. Masu bi na Koranti sun ɗauko wannan al'ada yadda take suka shigo da ita teburin Ubangiji. Kafin talaka ya iso an cinye. Aya ta 21 ta sura 11 ta ce wani yana jin yunwa, wani ya bugu.

Bulus bai sassauta ba. Ya tambaye su ko ba su da gidajen da za su ci su sha. Sa'an nan ya faɗi sunan laifin: kuna raina ikilisiyar Allah, kuna kunyata waɗanda ba su da komai. Ya ce abin da kuke ci ɗin nan ba Jibin Ubangiji ba ne. Sun yi addu'a, sun ambaci sunan Yesu, gurasa tana nan, ƙoƙo yana nan, amma manzo ya ce wannan ci naku ne kawai.

A nan nake so mu tsaya, domin mun saba da aya ta 28 wadda ta ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci. In aka karanta ta, hankalin kowa yakan tafi ga zunuban ɓoye, ga sha'awa, ga maye, ga ƙarya. Daidai ne, mu tuba daga waɗannan. Sai dai zunubin da ke gaban Bulus sa'ad da yake rubuta ayar a fili aka yi shi, a gaban kowa, mutanen kirki ne suka yi shi, ba wanda ma ya ɗauke shi zunubi. Wulaƙanta ɗan'uwa matalauci ne a cikin taron masu bi. Tun a sura ta 10 aya ta 17 ya riga ya ce da yake gurasar ɗaya ce, mu ma duk yawanmu jiki ɗaya ne. Wanda ya miƙa hannu ya karɓi jikin Almasihu, alhali ya ture gaɓar jikin Almasihu da ke zaune a bayansa, hukunci yake ci wa kansa. Bulus har ya ce saboda wannan ne da yawa a cikinsu suka raunana, suna ciwo, waɗansu ma sun mutu. Wannan aya tana ba ni tsoro, ina kuma ganin ya kamata ta ba mu tsoro duka.

Yakubu ma ya ga irin wannan a ikilisiyoyin da ya rubuta wa. A sura ta 2 ta wasiƙarsa ya kwatanta mutum biyu sun shigo taro, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu tsada, ɗaya matalauci da tsummoki. Aka ce wa na farko, zauna nan wuri mai kyau. Aka ce wa na biyu, tsaya can, ko ka zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Yakubu ya ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani.

Yanzu mu dubi gidanmu. Ranar bikin godiya, wa ake kira da dukan sarautunsa, wa ake tafa wa? Gwauruwar da ta kawo mudun masara daga ɗan abin da ta noma, wa ya san ta zo? In aka dafa abinci bayan sujada, kulolin nama suna wucewa ofis da babban tebur, yara da tsofaffin mata da waɗanda suka tako daga nesa suna jiran ƙanzo. Tun daga 2014 ikilisiyoyi da dama a Yola, Jos da Abuja suka karɓi 'yan'uwa da rikici ya koro daga Borno da arewacin Adamawa. An taimaka musu, Allah ya sāka. Amma ba wa mutum buhun hatsi daban, zama da shi a benci ɗaya a tambaye shi shawara daban. Waɗansunsu dattawa ne a ikilisiyoyinsu kafin su rasa komai. In za a zaɓi dattawa ko shugabannin Zumuntar Mata, sau nawa muke duba halin mutum kamar yadda 1 Timoti sura 3 ta tsara, sau nawa kuma muke duba wanda zai iya sayen kwanon rufi?

Na san wani zai ce, ai girmama manya tarbiyyarmu ce, tuwon girma miyarsa nama. Gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki bai hana ba. Bulus ya ce wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba, ya kuma ce dattawan da ke riƙon ikilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu. A ba tsoho kujera, a girmama wanda ya yi wahala a aikin Ubangiji. Abin da Yakubu ya tsawata a kai shi ne girman da zobe da riga ke saya. Za ka ga an ta da tsoho mai furfura daga benci don a zaunar da yaro mai mota, a ce wai girmama baƙo ne. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ba kuma koyarwar manzanni ba ce.

Ku kuma da Allah ya buɗa wa, kada ku ji kamar ana jifanku. Gayus mai arziki ne, gidansa ya buɗe wa ikilisiya, Bulus ya ambace shi da alheri. Ba a ce ku daina bayarwa ba. Amma ku ne kuka fi kowa ikon gyara wannan abu, domin in talaka ya yi magana za a ce hassada ce. In mai hali ya ƙi babban tebur ya ce a fara ba yara da gwauraye, ba mai musa masa.

Maganin da Bulus ya bayar a aya ta 33 gajere ne ƙwarai: sa'ad da kuka taru don ci, ku jira juna. Wanda yunwa ta matsa wa ya ci a gida kafin ya zo. Bai kafa kwamiti ba, bai ce a tara kuɗi ba. Jira yana da wuya ga wanda ya saba a jira shi, shi ya sa umarnin ya dace da su, ya kuma dace da mu.

Ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa, ranar Jibi mai zuwa a fara karatun daga aya ta 17, a kai shi har 34. Masu nuna wa jama'a wurin zama, ku zauna ku karanta Yakubu sura 2 tare kafin Lahadi. Iyayenmu mata masu rabon abinci, ku fara daga bencin baya. Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, in akwai wanda kuka shekara kuna sujada tare ba ku taɓa tambayar sunansa ba saboda ba shi da abin da zai amfane ku, ku neme shi ku gaisa kafin a miƙo muku gurasar.