Yaran da suka gaji da darasin tarbiyya sun fi mu gaskiya

Duk lokacin da wani abin kunya ya fito daga matasa, a TikTok ne ko a bakin titi, maganar da manya ke fara yi ita ce a koma koyar da tarbiyya a makaranta, a wajabta ta, a sa ta cikin jarrabawa. To ai an riga an yi. A 2014 hukumar WAEC ta fara jarraba Civic Education, wanda yara ke ce wa Sibik, kuma aka sa shi dole, ɗan sayans da ɗan kasuwanci duk sai sun zauna sun rubuta, ga IRK da CRK, darussan addinin Musulunci da na Kirista, can gefe guda. Shekara sama da goma ke nan. Ni dai abin da nake gani shi ne yaran da ke ƙorafi kan wannan darasi ba rashin kunya ke damunsu ba, sun gano wani abu ne da mu manya muke kau da kai daga gare shi.

Ɗan ƙanwata yana aji biyu na babbar sakandare a wata makaranta a yankin Agege da ke Legas, shi ya fara faɗa min ƙarara. Ya ce "Kawu, wallahi na gaji da darasin nan, malam zai shigo ya cika allo da rubutu mu kwafa, in ba ka gama kwafa ba a zane ka, shi ke nan an gama tarbiyya." Na karɓi littafin nasa na buɗe. Ma'anar gaskiya, an ja mata layi da jan biro. Siffofin mai gaskiya guda biyar. Amfanin gaskiya guda biyar. Illolin rashin gaskiya, su ma an jero su ɗaya bayan ɗaya, duk da Turanci, kuma yaron nan ya haddace su tsaf, in ka tashe shi cikin dare zai zubo maka su. Sai ya ƙara da abin da ya fi tsaya min a rai, ya ce ranar da suka yi tes a kan wannan babin, da yawa cikin 'yan ajinsu da guntun takardar satar amsa a cikin safa suka shiga, kuma su suka fi cin maki.

Yaro ba wawa ba ne fa. In ka ce masa gaskiya abu ne da ake jero siffofinta guda biyar a ba ka maki goma, to ya fahimci makin shi ne abin nema, kuma duk hanyar da za ta kai shi ga makin zai bi. Mun ɗauki hali, abin da ake gani a tafiyar mutum da cinikinsa da yadda yake magana da na ƙasa da shi, mun mai da shi abin hadda. Sannan malamin da ya koyar da babin kiyaye lokaci shi ke shigowa aji bayan rabin awa, wanda ya koyar da mutunta ɗan Adam shi ke ce wa yaro jaki a gaban 'yan uwansa. Ba na ɗora wa malamai laifin duka, mutumin da ya taso daga Ikorodu ko Sango tun asuba ya sha cunkoso, ga aji cike maƙil, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, kwafa a allo ita ce hanya mafi sauƙi da ta rage masa. Amma yaro abin da ya gani yake ɗauka, uzurin malam bai dame shi ba.

Kuma ƙasar nan ta daɗe tana wannan gwaji. A 1984 Buhari da Idiagbon suka kawo yaƙi da rashin ɗa'a, WAI. A 1987 Babangida ya kawo shirin wayar da kan jama'a na MAMSER, a 1993 aka kafa hukumar wayar da kai ta NOA, a 2016 aka zo da kamfen ɗin canji daga kaina zai fara. A manhajar makaranta ma an taɓa cusa darussan addini da Sibik da soshiyal a ƙarƙashin inuwa ɗaya, aka yi ta ce-ce-ku-ce har a 2017 aka ce a raba darussan addinin su tsaya da ƙafarsu, a 2025 kuma aka sake sanar da sabuwar manhaja da sabon suna. Kullum suna ake canzawa da jerin babi. A duk waɗannan, me mutane ke tunawa? Waƙoƙin rediyo da fastoci sun tafi. Abin da dattawa ke ba da labari har yau shi ne bin layi da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, wato abubuwan da aka yi da jiki, kowa da kowa, ana maimaitawa. Ba ina yabon bulalar soja da tsallen kwaɗo ba ne, Allah ya kiyaye, shi ya sa ma da yawan abin ya watse da aka yi juyin mulkin 1985. Amma sharar nan ta ɗore a Legas har 2016 da gwamnatin Ambode ta soke ta, kuma 'yan kasuwa sun san safiyar Alhamis ta tsaftar kasuwa ce, ba wanda ya zauna jarrabawa kafin ya san haka.

Ku je tashar BRT, manyan motocin bas na gwamnatin Legas, ku tsaya ku kalla. Tun da aka fara motocin nan a 2008, mutumin da zai ture tsohuwa ya haye danfo, ƙaramar bas ɗin haya, a Oshodi, shi ɗin dai, in ya zo BRT sai ka ga ya bi layi da katinsa a hannu yana jira. Ba lakca aka yi masa ba. An yi shinge, an sa tsari, kowa na bi, wanda ya tsallake layi jama'a ne za su yi masa ca tun kafin ma'aikaci ya yi magana. Makarantar da ke son yara su daina jefar da ledar fiya wata a ƙasa, ta sa kwandon shara a ƙofar kowane aji, firinsifal ya sunkuya ya ɗauki leda a gaban yara in ya gani, wannan ya fi babin tsafta na zango guda.

Mu Musulmi ma mun san wannan hanya, a gidajenmu take. An ce a umarci yaro da sallah yana shekara bakwai, ba a ce a fara ba shi jarrabawa kan fa'idojin sallah ba. Uba ke riƙe hannunsa su tafi masallaci, ya tsaya a sahu ya ga yadda ake yi, yau da gobe har ta zama jikinsa, ilimin hukunce-hukuncen ya biyo baya a Islamiyya.

To amma ban bar ɗan nawa ya tafi da nasara duka ba, don shi ma akwai nasa. Yaron nan sai ya kai ƙarfe ɗayan dare yana latsa waya a ƙarƙashin bargo, da asuba sai an yi ta fama kafin ya tashi, ya fita a guje ba karin kumallo, ya isa makaranta an rufe get. Kwanon da ya ci abinci nan zai bar shi uwarsa ta ɗauke. In an aike shi kasuwar Mile 12 sayen tumatur da albasa, canjin sai an tambaya sau biyu. Na ce masa "Kai ka ce darasin banza ne don ba a aiki da shi, na yarda, to wa ya hana ka aiki da shi a ɗakinka?" Ya yi shiru. Gano munafuncin manya abu ne mai sauƙi ga ɗan shekara goma sha shida, kuma yana da daɗi, sai dai yana iya zama mafaka, yaro ya ce tunda malam ma yana makara to ni ma ba laifi. Wanda zai sha wahalar wannan makarar nan da shekara goma ai ba malam ba ne. Abin da muka yi da uwarsa ƙarami ne, waya tana kwana a falo wurin caji daga ƙarfe goma, tata da ta mahaifinsa ma haka, don in manya na latsawa a gado dokar ba za ta kwana biyu ba.

Akwai masu cewa to a soke darasin kawai a huta, a ba yara lokacin su yi lissafi. Nan kam ban bi su ba, musamman mu da ke zaune a Legas. Ajin gwamnati a Agege ko Mushin ko Ketu yana cikin 'yan wuraren da ɗan Bahaushe ke zama benci ɗaya da Bayarabe da Ibo, kowa da addininsa, kuma mun san abin da rashin fahimtar juna ya jawo a Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016, an rasa rayuka, an ƙone dukiya. Sa'a ɗaya a mako da za a zauna a yi maganar zama tare ba asara ba ce. Sannan akwai ilimi na gaske a cikin darasin wanda yaranmu suka fi kowa buƙata. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya so a Najeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsu, sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa. Matashin da za a iya tare shi a hanya a ce masa me ya kawo ka garinmu, wannan sanin zai yi masa amfani ranar da ba ya zato. Wannan shi ake koyarwa a aji, shi ake jarrabawa, don sani ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ɓangaren hali kuwa a cire shi daga takardar jarrabawa a mai da shi aiki. A ba 'yan aji amanar kuɗin ajinsu su riƙe su yi lissafi a bainar kowa ƙarshen wata. Su zaɓi monita da ƙuri'a, wanda ya faɗi ya koyi haƙuri. A bar su su yi muhawara kan abin da ke gabansu, kamar ko daidai ne ka tona abokinka da ya yi satar amsa, malam ya saurara ko da amsar ba ta yi masa daɗi ba. Hana yaro tambaya a darasin da ake cewa na gina ɗan ƙasa ne, shi ke sa su ƙi jinin darasin tun daga ƙofa.

Mu iyaye Hausawan Legas kuma muna da wani sakaci da ya kamata mu faɗa wa juna. Mun fita kasuwa tun duhu, mun dawo bayan isha, taron iyaye da malamai in an kira sai ka ƙirga namu da yatsu, wasu saboda Turanci ko Yarbanci da ake yi a wurin, wasu don a ganinsu biyan kuɗi ya wadatar. A wurin nan ne ake iya tashi a tambayi shugaban makaranta me ya sa ake karɓar kuɗi a hannun yara lokacin jarrabawa, me ya sa ake zane yaro kan kwafar rubutu. In mutum ɗaya yana jin nauyi, iyaye biyar daga unguwa ɗaya su haɗu su je tare da mai fassara, zangon nan da ake ciki.