Rashin sammako ba lalaci ba ne

Na gaji da jin ana cewa duk wanda ba ya iya sammako malalaci ne, mai sammako kuwa shi ne mai himma da tsari. Maganar tana da tushe. Kantin Kwari da makarantu da safe suke buɗewa, kuma bincike ya nuna masu sammako, idan aka haɗa su gaba ɗaya, sun ɗan fi tsara al'amuransu. Sai dai bambancin kaɗan ne, bai isa a yanke wa mutum guda hukunci da shi ba.

Kowa yana da agogo a jikinsa mai zagayen kusan awa 24. Shi ke tsara lokacin da ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, wani da wuri, wani sai dare ya yi nisa. Gado yana da hannu a ciki, shekaru ma haka: samari sukan karkata zuwa dare, tsofaffi kuwa tun kafin assalatu idonsu biyu.

Akwai wani tela a unguwarmu, Fagge. Bayan sallar asuba komawa yake ya kwanta, sai hantsi ya buɗe shago. Amma ƙarfe ɗayan dare za ka ji ƙarar kekensa, kuma bai taɓa saɓa mini alƙawarin ɗinkin sallah ba.