Ku Bar Masa Hularsa

Ranar Asabar da yamma na tsaya bakin filin ƙwallo ina kallon samari, sai na ga abin da har yau ya tsaya min a rai. An tafi hutun rabin lokaci, wani yaro da bai wuce shekara 17 ba yana zaune yana ɗaure igiyar takalmi, hula na kansa duk da gumin da yake haɗawa. Abokin wasansa ya lallaɓo ta baya ya fizge hular ya cilla ta sama. Sai ga fili uku a kan yaron, biyu a ƙeya, ɗaya a saman kunne, kowanne a zagaye kamar an ɗora tsabar kuɗi an zana, sumul, babu ƙurji babu amosani. Kafin ya miƙe wayoyi huɗu sun riga sun tashi. Wani ya ce taswirar duniya, wani ya ce ɓera ne ya yi masa aski cikin dare, aka tuntsire da dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Yaron bai zagi kowa ba. Tafukansa biyu ya ɗora a ka, yana bin hular da ido ana ta wurga ta daga hannu zuwa hannu, yana irin murmushin nan da ya fi kuka ciwo.

Ƙannena, wannan ne kuke kira wasa?

Ban ga laifinku ba don ba ku san ciwon ba, rashin sani ya fi dare duhu. Likitoci na kiransa alofeshiya ariyata. Garkuwar jikin mutum, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ce ke ruɗewa ta juya kan tushen gashi ta ɗauke shi baƙo. Wasu fararen ƙwayoyin jini su taru su yanyame tushen kamar zuma ta samu reshe, sai gashin wurin ya zube cikin 'yan kwanaki ko makonni. Amma ba sa kashe tushen, yana nan a raye ƙarƙashin fata, shi ya sa gashin kan iya dawowa ko bayan shekaru. Idan ka duba bakin filin da kyau za ka ga guntayen gashi masu kauri a sama, siriri a gindi, kamar alamar motsin rai a rubutu. Wasu ma har farcensu kan yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Akwai gado a ciki, kuma yakan haɗu da wasu larurorin garkuwar jiki, irin na halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ko farar dabbare a fata.

A cikin masu dariyar na ji wani yana cewa a yi hankali, makero ne, ana ɗauka. To in ana ɗauka, me ya kai hannunka kan hularsa? Makero daban yake. Shi naman gwari ke kawo shi, yana ƙaiƙayi, yana ɓarewa, gashin wurin na kakkaryewa, kuma yana yaɗuwa ta mataji da abin aski. Wannan kuwa ko matashin kai ɗaya kuka kwana shekara ba za ka ɗauka ba. Ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, ba kuma sanƙon da ke bin shekaru ba ne. Mutum bai san komai ba, amma bakinsa ya riga hankalinsa zuwa, ya yanke hukunci a gaban jama'a, ya tafi ya bar yaro da tabon da babu man da zai goge shi. Magana zarar bunu ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wayoyin nan. Da fizgar hula ce kaɗai, da an yi an wuce, mutum talatin sun gani sun manta. Amma ka ɗauki bidiyo, ka ɗora masa kiɗa, ka rubuta taswirar duniya a ƙasa, ka tura zaure biyar. Me ka samu? Alamar dariya goma sha biyu daga mutanen da ko sunanka ba su riƙe ba. Shi kuma gobe zai shiga aji ya tarar kowa ya riga ya ga abin da ya yi wata shida yana rufewa. Wanzami ba ya son jarfa: kai da ko hoton da ka fito ido a rufe ba ka yarda a saka, kai ne ka baje kan ɗan'uwanka a intanet. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, kun haddace ta tun kuna ƙanana, amma da waya ta shiga hannu sai ta zama karatun baki.

Kusan mutum 2 cikin 100 kan gamu da wannan larura a wani lokaci na rayuwarsu, maza da mata, kuma galibi tun ana yara ko samari take somawa. Ku ƙirga mutanen da ke filin nan ranar, 'yan wasa da 'yan kallo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma a nan karin maganar ta zauna daram, domin ciwon na cin gemu ma. Wannan gemun da kake tajewa kana shafa wa mai, wata safiya mai aski zai iya dakatar da hannunsa ya ce, "Malam, ka lura da nan wurin kuwa?" Da yawa a kujerar aski suke fara jin labari.

Ba ku san abin da mai wannan larura ke kwana da shi ba. Ya farka ya fara duba matashin kai kafin ya duba agogo. Ya riƙe madubi biyu yana leƙen ƙeya ko filin ya ƙaru. Wata uku ana murna gashi ya fara tsirowa, fari-fari, laushi kamar na jariri, sai wani filin ya buɗe ta ɗaya gefen. Wani nasa ya tsaya a fili ɗaya ya cike da kansa cikin shekara, wani kan ya share gaba ɗaya, wani har gira da gashin ido da na hanci su tafi. Wanda ya rasa gira ne ya san amfaninta, gumi ya dinga gangarowa cikin ido, ƙura ta shiga ba shamaki, rana ta ƙona fatar kai. Ga budurwa kuwa abin ya ninka, don gulma ce za ta riga ta zuwa ko'ina. Ba banza ba likitoci ke lissafa damuwa da ƙuncin rai cikin abubuwan da ke rakiyar ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Hular nan da ka ɗauka abin wasa, ita ce ke ba shi ƙarfin fitowa daga gida.

Bari in ɗan ratse kan 'yan kasuwar intanet masu sayar da man gashi, da hotunansu na kafin da bayan. Sun san sarai gashin kan dawo da kansa, sai su tsaya a bakin hanya su karɓi yabon. Wani man ma ƙona fata yake, ya bar tabo inda da gashi zai tsiro. Ga kuma masu gane-gane, da sun ga fili a kai sai su ce jifa ne, su nuna maka wanda ya yi, a raba zumunci a banza. Alhali likitan fata na da abin yi: allurar sitiroyid, mai kwantar da garkuwar jiki a wurin, da ake yi a cikin filin duk bayan mako huɗu zuwa shida, da mayukan shafawa, ga kuma sababbin ƙwayoyi ga wanda abin ya yi wa tsanani. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da barisitinib don manya, a 2023 ta amince da ritilesitinib daga shekara 12 zuwa sama. Suna da tsada, suna da illolinsu, kuma in an daina gashin kan sake zubewa, amma dai hanya ce ta ilimi.

Ku da kuke rantsuwa da ƙwallo, ku tambayi yayyenku waye Pierluigi Collina. Tsohon alƙalin wasa ne ɗan Italiya, wannan larurar ta share masa kai da gira tun yana saurayi, kuma shi ya hura wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2002, da Brazil ta ci Jamus 2 da nema. Manyan 'yan wasan duniya in ya zare musu ido sai su nutsu. Da a filinku ya taso, ina jin da kun kore shi da dariya tun kafin ya taɓa usur.

Ku ji tsoron Allah ku gyara, abin da zan iya ce muku ke nan. Mu da muka taso, in yaro ya cire wa wani hula, duk babban da ke wucewa sai ya tsaya, ko bai san ɗan waye ba, kuma uban yaron godiya zai yi. Ana rufa wa mai larura asiri, a kau da kai kamar ba a gani ba, in ma za a tambaya sai an ja shi gefe murya ƙasa-ƙasa. Kunya ce ke riƙe da mutane. Yanzu fa? Ranar nan akwai magidanta uku kusa da ni, biyu suna dariya, ɗaya ya ce a turo masa. Ni kaina sai da hular ta zaga hannu biyar kafin na buɗe baki, kuma ina jin nauyin wannan jinkirin. Na karɓo ta na kakkaɓe ƙura na miƙa masa, ya ce na gode yaya, bai ɗago ido ba. Bidiyon kuwa ya riga ya tafi.

Jiya na koma filin, an sa wani a gurbinsa. Can wajen magariba na hango shi ya bi ta bayan katanga, ya ja hular har kan kunne, hannu ɗaya na dafe da ita.