Wane irin ilimi ake nufi?

Wani marubuci ya ce da zarar makarantu sun yawaita a Afirka, ƙungiyoyin farar hula za su yi ƙarfi da kansu. Ni dai ban gamsu ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, yawancin magoya bayanta ba su taɓa zama a ajin boko ba: teloli ne, mahauta, 'yan koli da manoma. Amma Malam Aminu Kano da abokansa sun bi su kasuwa-kasuwa suna fahimtar da su cewa talaka yana da bakin tambaya kan haraji da aikin tilas. Yau kuwa ga masu digiri birjik, tun 2011 kuma a Najeriya akwai dokar 'yancin samun bayanai da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar ɗan ƙasa. Ɗan'uwa da kake cewa jahilci ne kawai matsalarmu, don Allah a cikin masu digirin unguwarku, wa ya taɓa rubuta wa ƙaramar hukuma yana neman ganin nawa aka kashe kan rijiyar burtsatsen da ba ta kawo ruwa?