Tsakanin zinariya da zaiba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya bayan Isha'i ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ya baje takardunsa a tsakar gidanmu nan Aboabo. Na ce, "Kai kuma me kake ta maimaitawa kamar mai tilawa?" Ya ce, "Kawu, 'ya'yan cikin atam ne."

Ya ce duk abin da ido ke gani da atam aka gina shi, atam ɗin ma kuma yana da nasa kayan ciki: furoton da niyutron a dunƙule a tsakiya, ilektiron na zagaye da su. A 1897 wani Bature, Thomson, ya gano ilektiron, niyutron kuwa sai 1932 Chadwick ya gano shi. Wannan duk na ji ne kawai.

Abin da ya hana ni barci shi ne da ya ce atam ɗin zinariya furoton 79 gare shi, na zaiba kuma 80. Ɗaya tak! Zinariyar da ake yi wa amarya ado da ita, da zaibar da 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinariya da ita, gubar da ke malala cikin kogin Offin, ƙwaya ɗaya da ido bai taɓa gani ba ce ta raba su. Subhanallah.

Mu kuwa kullum bakinmu "ai ɗan kaɗan ne". Ɗan dukan gindin olonka, gwangwanin awo, don ya rage awo. Ɗan saƙon gulma da aka tura a WhatsApp na dangi. Ɗan jinkirta La'asar don ciniki ya yi daɗi a kasuwar Kejetia. Alhali Allah Ya ce a Suratuz Zalzala wanda ya aikata gwargwadon zarra, alheri ko sharri, zai gan shi. Malaman tafsiri sun fassara zarra da 'yar mitsitsiyar tururuwa ko ƙurar da ke yawo cikin hasken rana, ni ba zan ɗora wa ayar ilimin Thomson ba. Amma ku duba Suratu Yunus, aya ta 61: ko abin da ya fi zarra ƙanƙanta yana rubuce.

Da kaina nake farawa. Tun ranar Litinin mai kokon layinmu ta yi kuskure ta ƙara mini sidi biyar a canji, na yi ta ce wa zuciyata ba komai ba ne. Yau da asuba na kai mata. Ta ce, "Alhaji, ni wallahi ban ma sani ba."